Daga Dodon Tatsuniya Zuwa Dodon Bango: Tarihin Jigon Tsoro da Taurarinsa a Finafinan da Hausawa Ke Kallo

1.0 Gabatarwa

Tun kafin kalmar silima ta zauna a bakin Bahaushe, ya riga ya laƙaba wa hoton nan mai motsi a jikin bango sunaye biyu. Na farko shi ne majigi, wanda aka aro daga kalmar Ingilishi mai nufin sihiri. Na biyu kuwa shi ne dodon bango. Sunayen biyu suna nuna cewa tun ranar farko da Bahaushe ya ga fim, a ɓangaren abubuwan ban tsoro da na ɓoye ya ajiye shi, ko da abin da ake nunawa bai wuce yadda ake kashe ɓeraye ko haƙa shadda ba.

Manufar wannan maƙala ita ce bin diddigin tarihin jigon tsoro a finafinan da Hausawa suka kalla, da waɗanda suka shirya da kansu, tare da duba abin da taurarin irin waɗannan finafinai ke faɗa game da halayyar ɗan Adam. Akwai wata matsala da ya kamata a fito da ita tun daga farko. Masanan Turai da suka yi nazarin finafinan ban tsoro sun ɗauki dodon da ke cikin fim a matsayin alama ta abin da ke ɓoye a zuciyar mai kallo. Shi kuwa Bahaushe Musulmi ba ya ɗaukar aljani a matsayin alama, domin halitta ce da Alƙur'ani ya tabbatar, har da sura guda mai sunansu. Saboda haka nazarin da zai yi amfani a nan shi ne wanda ya bar batun samuwar aljani ga malaman addini, ya mayar da hankali kan wasu tambayoyi na daban: wa abin tsoron yake kamawa, a wane lokaci na rayuwarsa, kuma ta wace ƙofa ya shigo?

2.0 Taurarin Tsoro Kafin Zuwan Majigi

Tarin tatsuniyoyin da Edgar ya wallafa tsakanin 1911 da 1913, da na Tremearne (1913) da Rattray (1913), sun nuna cewa Dodo yana cikin manyan taurarin tatsuniyar Hausa, kusa da Gizo da Ƙoƙi da Kura. Mazauninsa daji ne ko ruwa. Ƙato ne mai gashi, mai haɗiye mutane da dabbobi, kuma sau da yawa ƙarshensa a farka cikinsa abin da ya haɗiya ya fito da rai. Amma Dodon da ya fi ban tsoro shi ne wanda ba ya zuwa da kamanninsa. Akwai tatsuniyar budurwar da ta ƙi samarin garinsu, ta ce ba ta auren mai tabo a jiki. Sai wani kyakkyawan baƙo ya zo, aka duba ba a sami ko ƙwarzane ba, aka ɗaura aure, ya tafi da ita. Sai da suka yi nisa da gari ya koma siffarsa ta ainihi.

Akan fassara wannan tatsuniya da cewa gargaɗi ce ga 'yan mata masu ruwan ido, kuma haka ne. Sai dai idan aka lura da masu bayar da tatsuniya da masu saurarenta, wato tsofaffin mata da yara mata da daddare, za a ga akwai wani abu bayan gargaɗin. Kowace yarinya da ke zaune a gaban kakarta ta san wata rana za a ɗauke ta a kai ta gidan da ba ta sani ba, wurin mutumin da ba ta san halinsa ba sai fuskarsa. Kukan amarya ranar kai ta ɗakin miji ba duka ne na al'ada ba. Dodon da ya ari fuskar mutum shi ne wannan fargaba, an ba ta jiki da suna.

Tauraro na biyu shi ne iska. A nan Bahaushe ya yi aikin da ya cancanci a kira shi nazarin halayya tun kafin a san wannan fanni da sunansa. Iskokin bori, waɗanda aka ce mazauninsu birnin Jangare ne, kowanne yana da halinsa da tufafinsa da kiɗansa da cutar da yake sawa. Ɗan Galadima ɗan sarauta ne mai caca da ɓarnar dukiya. Malam Alhaji dattijo ne mai tari da tasbaha. Kuturu yana tafiya da ja da gindi da dunƙulallun yatsu. Sarkin Rafi mahaukaci ne mai faɗuwa da ƙarfi. Inna kuwa, wadda ake kira Bafilatana ko Doguwa, ita ce ke shanye hannu ko ƙafa, kuma daga sunanta ne aka sami sunan cutar shan-inna. Duk wanda ya dubi wannan jeri zai ga al'ummar Hausa ce aka zana: basarake, malami, musaki, makiyayi, mahauci. Greenberg (1946) ya yi bayanin yadda Maguzawan Kano suka raba iskoki zuwa farare da baƙaƙe, Besmer (1983) kuma ya bayyana yadda girka take, wato hanyar da ake bi a sasanta mara lafiya da iskan da ya kama shi, ya koma dokinsa ko goɗiyarsa. Abin lura shi ne mafi yawan waɗanda iska ke kamawa mata ne, kuma galibi a lokacin matsi: rashin haihuwa, mutuwar 'ya'ya, zuwan kishiya, mutuwar aure. Lewis (1971) ya yi hasashen cewa a al'ummomi da dama irin wannan kamu hanya ce da marasa murya ke samun a saurare su, domin abin da mace ba ta iya faɗa wa mijinta, iska yana faɗa da bakinta kuma a biya masa bukata. An soki wannan ra'i da cewa ya mayar da abin kamar dabara ce da gangan, alhali mai ciwon tana shan wahala ta gaske. Sukar tana da ƙarfi, amma ba ta rushe abin da aka lura da shi game da lokacin kamun ba.

Na uku, kuma wanda ya fi sauran muni a idon Bahaushe, shi ne maye. Dodo yana daji, iska yana kan tsamiya ko kuka ko tsohuwar rijiya, amma maye yana cikin unguwa, wani lokaci cikin gida. An yi imani yana da ƙanƙarar maita a cikinsa, ta gado ko ta saye, kuma yana kama kurwar mutum ya ɓoye, mutumin ya yi ta ramewa. Maganin shi ne a gano shi a tilasta masa ya tsallake mara lafiyar. Babu wata alama tabbatacciya da ake gane shi da ita, don haka zargi yakan faɗa kan wanda ba shi da mai kare shi: tsohuwar da ba ta da ɗa, baƙuwar da aka auro daga nesa, maƙwabcin da aka yi sa-in-sa da shi. Ba banza ba dokar Final Kod ta Arewa, wadda ta fara aiki a 1960, ta tanadi hukunci ga wanda ya ce shi maye ne da kuma wanda ya jefi wani da maita.

3.0 Dodon Bango

Majigi ya shigo ta hannun gwamnatin mulkin mallaka. William Sellers, wani jami'in kiwon lafiya, ya fara amfani da fim wajen wayar da kai a Nijeriya a ƙarshen shekarun 1920, kuma shi aka ba jagorancin sashen shirya finafinai na ƙasashen mulkin mallakar Ingila da aka kafa a 1939. Motocin majigi sukan tsaya a ƙofar fada ko filin kasuwa, kowa ya zo ya kalla kyauta. Silimar kuɗi kuwa 'yan kasuwar Labanan ne suka kawo ta, waɗanda Kanawa ke kira Kwarori. An buɗe Rex a Kano a 1937, a wajen ganuwa, sai a farkon shekarun 1950 aka gina Palace a cikin birni kusa da kasuwar Kurmi, abin da ya jawo ƙorafi mai yawa. Larkin (2008) ya yi bayanin wannan tarihi filla-filla.

A 1951 gobara ta tashi a silimar El Duniya a Kano, ta kashe mutum 331 daga cikin kimanin 600 da ke ciki. Binciken gwamnati ya danganta wutar da faifan fim irin na wancan zamani, wanda ke kama wuta cikin ƙiftawar ido. Mutanen gari kuwa sun ba da wani bayanin. An ce hukuncin Allah ne a kan masu zuwa wurin ɓarna, har jita-jita ta bazu cewa an nuna surar Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, a fim ɗin da ake kallo. A nan ne za a fara ganin abin da zai yi ta maimaituwa a wannan tarihi: abu guda ya faru, bayani biyu suka tsaya a kansa, na hukuma da na jama'a, kuma kowanne yana amsa tambayarsa daban. Hukuma ta faɗi yadda wutar ta tashi. Jama'a suna neman sanin dalilin da ya sa waɗannan mutane ta ci ba wasu ba. Daga nan gidan silima ya zama wurin da ɗan mutunci ba ya son a gan shi, macen da ta shiga kuwa sunanta karuwa. Ma'ana, a Kano ginin silimar kansa ya riga finafinan da ke cikinsa zama abin tsoro.

4.0 Yadda Masanan Turai Suka Karanta Dodonsu

A 1919 Sigmund Freud ya rubuta wata maƙala a kan irin tsoron da ke sa tsigar jiki ta tashi. Kalmar Jamusanci da ya yi amfani da ita tana da tushe a kalmar gida, kuma abin da ya ce shi ne wannan tsoro yana zuwa ne daga abin da mutum ya taɓa sani ya danne, sannan ya dawo masa da baƙuwar fuska. A ƙarshen shekarun 1970 Robin Wood ya ɗora wannan ra'i a kan finafinan Amurka, ya ce dodon fim shi ne duk abin da al'umma ta danne ko ta ware. Misalin da aka fi kawowa shi ne Psycho na Alfred Hitchcock (1960), inda saurayi mai kunya, Norman Bates, ya ajiye gawar mahaifiyarsa, yana sa tufafinta yana kisa da muryarta, har likitan ƙwaƙwalwa ya fito a ƙarshe ya warware komai. The Exorcist na William Friedkin (1973) ya bi akasin wannan hanya: an kai yarinya 'yar shekara 12 wurin likitoci sun yi iyakar gwaje-gwajensu sun gaza, sai limaman coci suka karɓi aikin.

Ra'in Freud ya dace da maye fiye da yadda ya dace da Dracula, domin maye shi ne na gida da ya zama baƙo. Tsarin The Exorcist kuma, wato asibiti ya gaza a koma wa mai addu'a, labari ne da kusan kowane gidan Bahaushe ya san irinsa. Amma mataccen da ke tashi daga akwatin gawa ya sha jini ba shi da gurbi a tunanin Musulmi, tun da wanda ya mutu ba ya dawowa. Ko fatalwa da Bahaushe ya gada daga kakanni, malamai sun mayar da ita aljani ne ya ɗauki siffar mamaci.

5.0 Babule a Gaban Kyamara

Fim na farko da ya ɗauki iskokin wannan yanki ya tsorata duniya da su ba a shirya shi da niyyar ban tsoro ba. Wajen 1925, a yankin Filinge na ƙasar Nijar, wasu sababbin iskoki suka bayyana a tsakanin Kurfayawa da maƙwabtansu. Ana kiransu Babule, ko kuma Hauka, da kalmar Hausa. Iskokin Turawa ne da sojojinsu: suna fareti, suna sara wa juna, suna ba da oda da gurɓataccen Faransanci, suna taɓa wuta ba ta ƙona su. Jami'in Faransa mai suna Crocicchia ya kama mabiyansu ya tsare su, kuma ba da daɗewa ba aka sami sabon iska a cikin jerin, mai suna Kwamanda Mugu. 'Yan ci-rani, galibi Zabarmawa, suka tafi da Babule har Gwalkwas, wato Gana ta yau. A can ne Jean Rouch ya ɗauki taronsu na shekara a wani ƙauye kusa da babban birnin ƙasar a 1954, ya fitar da fim mai suna Les Maîtres Fous, wato iyayengiji mahaukata.

A fim ɗin an ga leburori da 'yan dako sun koma Gwamna da Janar da Kofur da direban jirgin ƙasa da matar likita. Idanu sun juye, kumfa na zuba daga baki, ana dafa kare ana ci. Da aka nuna shi a birnin Paris a 1955, malamin Rouch, Marcel Griaule, ya nemi a lalata shi, ɗaliban Afirka da ke wurin suka ce cin mutunci ne, gwamnatin Ingila kuma ta hana nuna shi a Gwalkwas. Duk da haka ya sami lambar yabo a bikin finafinai na Venis a 1957.

Rouch ya rufe fim ɗin da hoton waɗannan mutane washegari, suna murmushi suna aikinsu, wasunsu suna haƙa rami a gaban asibitin mahaukata, yana nuni da cewa watakila sun sami maganin da ke hana su shiga ciki. Wannan fassara ce irin ta likitan ƙwaƙwalwa, kuma ta yi sauƙi da yawa, domin su masu abin ba su ce magani suke sha ba, cewa suka yi iskoki sun hau su. Amma akwai abin da fim ɗin ya tabbatar wanda ba a iya musu: jerin iskoki yana da tarihi. Lokacin da mai iko ya zama Bature mai bulala da aikin tilas, sai ga shi ya bayyana a cikin iskoki da hularsa da bindigarsa. Abin tsoro yana sauya tufafi gwargwadon abin da ke danne mutane a zamaninsu, kuma wannan ita ce ƙa'idar da ta fi amfani wajen karanta abin da ya biyo baya.

6.0 Macijiyar Indiya da Sumbuka

Daga shekarun 1950 Kwarori suka fara shigo da finafinan Indiya, kuma cikin ɗan lokaci suka mamaye silimun Arewa. An fi tuna su da soyayya da waƙa, amma sun zo da nasu abin tsoron. Akwai gidajen da macen da ake zaton mamaciya ce ke yawo tana waƙa da dare, kamar a Mahal (1949), akwai kuma dodannin 'yan'uwan Ramsay irin na Purana Mandir (1984). Wadda ta fi dacewa da tunanin Bahaushe ita ce macijiya mai rikiɗa. A Nagin (1976) macijiya ce take ɗaukar siffofin mata tana bin mutanen da suka kashe mijinta ɗaya bayan ɗaya. A Nagina (1986) Sridevi ta fito a matsayin amaryar da surukarta ta gano ba mutum ba ce. Bahaushen da ya tashi da labarin macijin rijiyar Kusugu ta Daura, ya kuma ji daga malamai cewa aljani kan shiga gida a siffar maciji har an yi umarnin a gargaɗe shi kafin a kashe, bai bukaci tafinta ba. Tatsuniyar baƙo mara tabo ce aka juya: yanzu namiji ne ya auro abin da bai sani ba. Irin wannan juyi ya bayyana a labaran direbobi na kyakkyawar macen da ake ɗauka a bakin titi da dare, sai an yi nisa a ga ƙafarta kofato ce. Masquelier (2002) ta tattara makamantan waɗannan labarai a Dogon Dutsi ta Nijar, ta danganta su da titin mota da ke kawo arziki yana kuma cin rayuka.

A tsakanin 1995 da 1996 wani abu ya faru a Kano wanda ya haɗa fim da iska a jiki guda. Ɗaruruwan 'yan mata a makarantun sakandare na kwana suka kamu da wani ciwo: ihu, faɗuwa, sandarewar gaɓoɓi, da wata rawa da shaidu suka ce irin ta finafinan Indiya ce. An sa wa aljanar suna Sumbuka. Casey da O'Brien, waɗanda suka yi bincike a Kano a wancan lokaci, sun nuna yadda bayanai suka yi karo. Likitoci sun ce firgici ne mai yaɗuwa a tsakanin mutanen da ke zaune wuri guda cikin matsi. 'Yan bori sun ga aikinsu ne. Malaman ruƙiyya kuwa, waɗanda a lokacin ne tasirinsu ya fara ƙarfi, suka ce aljanu ne suka sami ƙofa ta hanyar kiɗa da rawa da rashin suturta jiki, kuma su ne suka yi rinjaye. Kaset-kaset na yadda malami ke yi wa aljani tambayoyi, yana amsawa da bakin yarinya, suka shiga kasuwa.

Idan aka yi wa lamarin tambayoyin da aka gabatar a farko, amsar ba ta ɓuya. Waɗanda aka kama 'yan mata ne masu shekarun aure, an raba su da gida, an ɗora musu karatun boko da jarrabawa, al'umma kuma ba ta gama yanke shawara ko zamansu a makaranta daidai ne ba. Rawar da aka hana su a fili ita ce ta fito lokacin da ba a iya kama su da laifinta. A Nijar ma, inda aka sami irin wannan a makarantu daga baya, iskokin sukan yi ƙorafin an sare itatuwan da suke zaune a kai don a gina azuzuwa.

7.0 Boka da Malam a Bidiyon Hausa

Ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a Kano a 1990, kuma daga nan ake ƙirga tarihin bidiyon Hausa. Kafin ƙarshen shekarun 1990 kaset ya kai inda silima ba ta taɓa kaiwa ba, wato ɗakin matan aure, ya kuma bi 'yan kasuwa har garuruwan bakin iyaka irin su Mubi, inda a unguwanni kamar Kolere Hausa ce ke haɗa Bafulatani da Bafali da Bagude a kasuwa. A daidai wannan lokaci Kudu ta cika kasuwa da tsafi: Living in Bondage (1992), inda Andy ya ba da matarsa don kuɗi fatalwarta ta haukata shi, da Nneka the Pretty Serpent (1994). Tsoron Kudu a waɗannan finafinai tsoron dukiyar da ba a san asalinta ba ne.

Bidiyon Hausa bai mayar da ban tsoro wani rukuni mai ƙarfi kamar soyayya ba. Abin da ya yi shi ne ya saƙa tsoron a cikin labarin gida. Fitowar da aka fi sani ita ce ta mace ta lulluɓe ta nufi bayan gari wurin boka, a kogo ko bukka, ga jan ƙyalle da baƙi, ga ƙwarya da ƙahoni, ga dariya mai amsa-kuwwa. Bukatarta ɗaya ce cikin uku: a mallake mata miji, a fitar da kishiya, ko a haukata ɗan kishiya. Boka a nan ba shi da wata manufa tasa. Ɗan aike ne na abin da ke cikin zuciyar wadda ta zo, kuma sharaɗin da yake gindayawa, wanda kullum sai an karya, shi ne ke juyo da sharrin kanta. Idan aka cire hayaƙi da walƙiyar kwamfuta, abin da ya rage shi ne nazarin kishi: yadda tsoron a wulaƙanta mutum a gidan da ya ba ƙuruciyarsa ke kai shi ga abin da bai taɓa zaton zai aikata ba. Rauninsa shi ne da wuya a tambayi mijin da ya jawo matsin. Shi yakan fito a matsayin wanda aka yi wa asiri, wato mara laifi, kuma asirin ya zama uzurin duk zaluncin da ya yi.

Mai warware rikicin malami ne da carbi da ruwan addu'a, ya karanta, aljani ya yi kururuwa ya yi alkawarin fita. Wannan fitowa kusan kwafin kaset-kaset ɗin ruƙiyya ne na zamanin Sumbuka. Bayan ƙaddamar da shari'ar Musulunci a Kano a 2000 da kafa Hukumar Tace Finafinai a 2001, ya zama da wuya a ga labarin da boka ya ci nasara ko aka bar mai kallo cikin shakka. Bori, wanda ke sasantawa da iska, ya koma ɓangaren miyagu, ruƙiyya mai korar iska ta zama ita ce magani. 'Yan barkwanci irin su marigayi Rabilu Musa Ibro, wanda ya rasu a 2014, sun ƙara rage wa boka kwarjini ta hanyar mayar da shi mayaudari mai jin yunwa.

Wannan tsari yana da sakamako a wajen allo. Fim ɗin da kowace hauka a cikinsa jifa ce ko shafar aljanu yana koya wa mai kallo inda zai kai ɗan'uwansa idan ya fara surutai, kuma samamen da 'yan sanda suka kai a 2019 a wasu gidajen gyaran hali a Kaduna da Katsina, inda aka sami ɗaruruwan mutane wasu cikin mari, ya nuna inda wasu ke ƙarewa. Sai a Janairun 2023 aka sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958. Ba wai babu wata hanyar ba da labarin ba ne. Fim ɗin Indiya ta Kudu mai suna Manichitrathazhu (1993), wanda aka sake shiryawa da sunan Chandramukhi a 2005 da Bhool Bhulaiyaa a 2007, ya nuna matar aure da kowa ya ɗauka ruhin wata tsohuwar 'yar rawa ne ya shige ta. Likitan ƙwaƙwalwa ya gano ciwon ya samo asali daga ƙuruciyarta, amma bai kori mai addu'ar gidan ba, da shi ya haɗa kai aka shirya abin da ya warkar da ita. Irin wannan haɗin kai ne Thomas Adeoye Lambo ya fara gwadawa a ƙauyen Aro kusa da Abekuta tun 1954, inda ya zaunar da marasa lafiya a gidajen mutanen ƙauye tare da danginsu, ya kuma ɗauki masu maganin gargajiya aiki kafaɗa da kafaɗa da ma'aikatan asibiti.